Lemon Adakar Hajiya

Tiga, 27 ga Afrilu

Zuwa ga Anti Rashida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Yaya jikin kakata Hajiya? Yaya ƙafafun nata? Ni lafiyata ƙalau, mun dawo makaranta sati guda ke nan. Baba ne ya kawo ni har bakin ƙofa, ya ce in gaishe ku.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. An hana mu riƙe waya a nan. Malama Shamsiyya mai koya mana girki 'yar Tudun Wada ce, duk Juma'a takan je gida, ta ce za ta riƙa ba Mudi direba wasiƙuna a tasha tunda maƙwabcinku ne a Doguwa. In za ki ba da amsa, shi za ki ba.

Anti, wata tambaya ce na daɗe ina so in yi miki, amma in na gan ki sai bakina ya yi nauyi. Shekaranjiya a ɗakin girki Malama ta buɗe gwangwanin kanumfari za mu haɗa zoɓo. Ƙamshin yana bugo ni sai na ga Umma. Na gan ta a kan tabarma a gidanmu na Ba'awa, lemo a hannun hagu, tana caka masa kanumfari ɗaya bayan ɗaya har bawon ya ɓace gaba ɗaya. Na fita waje na ce hayaƙi ne ya shiga min ido.

Duk shekara kafin Babbar Sallah takan yi guda biyu. Ɗaya ta rataye a ƙofar ɗaki, duk wanda ya shigo yawon Sallah sai ya tambayi turaren da muka sa. Ɗayan kuma ta aika muku Doguwa. Ban taɓa zama na koya ba, a tunanina akwai lokaci. Yau shekara biyu da rasuwarta, kuma ba wanda ya sake yi.

Ke ce ƙanwarta, don Allah ki rubuto min yadda ake yi. Ina so in yi wa Hajiya ɗaya bana. Amma kada ki gaya mata, kunya nake ji.

'Yarki,
Zulaihat

Doguwa, 3 ga Mayu

Zulai,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a kan keken ɗinki. Muna lafiya. Hajiya da sauƙi.

Kin ce kada in gaya mata, to ai tana zaune a gefena tana tsintar wake. Ta ce wasiƙar wa nake wa kuka? Na ce ta Zulai ce. Ta ce, "'Yar waccan? Wadda in ta zo gaisuwa sai an sa kunne a ƙasa kafin a ji muryarta? Ashe a takarda tana da baki." Ta sa na karanta mata har sau biyu. Da na zo wajen tabarma da lemo sai ta ci gaba da tsintar wakenta.

Kin san halinta. Yaya Luba ce 'yarta ta fari, kuma tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunanta ba. "Waccan" ce, ko "babbar". Ko ranar da aka kawo mana labarin rasuwar, salati kawai ta yi ta shiga ɗaki. Mutanen dauri ke nan, kunyar ɗan fari ta fi ƙarfinsu.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Lemon da ake aiko mana ba a ƙofa ake rataye shi ba. Hajiya tana da tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, a ciki likkafaninta yake. Da kanta ta sayo yadin a Makka shekara ashirin da wani abu, ta jiƙa shi da zamzam ta shanya. A can ne ma wata mata da suka zauna tanti ɗaya ta nuna mata lemo mai kanumfari, wai yana korar ƙwari yana ajiye ƙamshi a tufa. Duk jajibirin Sallah sai ta jawo adakar, ta fitar da na bara ta sa sabo. Na ƙarshen da Yaya ta yi har yanzu yana ciki, ya ƙanƙance kamar goriba, ƙamshin ya tafi. Hajiya ba ta taɓa cewa a yi mata wani ba, ni kuma kin san ba ni da haƙurin wannan aiki.

Ga abin da na iya tunawa. Ki sami lemon zaƙi mai tauri, marar rauni. Ki fara huda shi da tsinke kafin ki sa kanumfarin, in ba haka ba babban yatsanki zai faɗa miki. Ki jera su kusa da kusa. In kin gama ki birgima shi a garin kirfa da citta. Iyakar abin da na sani ke nan.

Hajiya ta ce in gaya miki, in ya zo a karkace za ta mayar miki da abinki, ita ba ta karɓar aikin ragwaye. Ki yi karatu da kyau.

Antinki,
Rashida

Tiga, 9 ga Mayu

Anti Rashida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da kika ce jikin Hajiya da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi.

Ga shi nan na gama, yana cikin ƙullin da ke tare da wannan takarda. Malama ce ta sayo min kanumfarin a kasuwar Tudun Wada, ni kuma na zaɓi lemon da kaina a wajen mai sayarwa a bakin ƙofar makaranta. Sai da na latsa kusan duk na farantin, har ta ce ko miji nake zaɓe.

Kwana uku na yi ina yi, bayan la'asar, a gindin darbejiyar bayan aji. Tsinken tsintsiya ya yi ta karyewa, sai na koma amfani da allurar kitso. Duk da haka yatsana ya yi ja har yau ba na iya riƙe biro sosai, shi ya sa rubutun ya karkace. Ƙawata Maijidda ta ce na mayar da lemo bushiya. 'Yan ɗakinmu suka yi ta zuwa suna shinshinawa, wata ta ce in bar mata ta sa a akwatinta ko kwana ɗaya ne. Na hana.

Na karanta zancen adakar. Da farko tsoro na ji, na ce ni ba zan yi abin da za a ajiye kusa da likkafani ba, kamar ina kira mata mutuwa. Daga baya na tuna Umma ta yi shekara da shekaru tana yi, tana ma waƙa a hankali in tana yi. Sai na ci gaba.

Ina gamawa jiya na birgima shi a kirfa da citta, na ɗaure shi a leda biyu tamau don kada ƙamshin ya tsere a hanya, kin san motar Mudi da warin fetur. Don Allah kada ki buɗe. Ki sa shi a adakar a haka, ranar jajibiri Hajiya ta kwance da hannunta ta ji shi sabo.

Ki gaya mata bai karkace ba.

'Yarki,
Zulaihat

Doguwa, 18 ga Mayu

Zulai,

Muna lafiya, Hajiya da sauƙi.

Yau da safe na ji wani wari a ɗakin, na jawo adakar. Lemon ya ruɓe, ya yi fumfuna, ledar ta fashe. Ruwan ya bi likkafanin har ninki uku, tabon ya kai faɗin tafin hannu. Ban san da wane baki zan gaya wa Hajiya ba.

Kada ki sake aiko wani. Mudi na jira, ɗinkin Sallah kuma ya yi min yawa.

Rashida

Tiga, 23 ga Mayu

Anti Rashida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Yaya jikin Hajiya?

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ofishin malamai. Anti, don Allah ku yafe min. Wallahi ban sani ba.

Na nuna wa Malama Shamsiyya. Ta dafe kai ta ce da na gaya mata zan ɗaure shi a leda da ta hana ni. Wai ɗanyen lemo ba a rufe shi. Rataye shi ake yi a inuwa inda iska ke wucewa, a riƙa juya shi kullum har sati uku, sai ya bushe ya yi sauti in an ƙwanƙwasa, sannan a sa shi cikin tufa. Balle yanzu da ruwa ya fara sauka. Sai a lokacin na tuna Umma takan rataye nata a azara tun watan Sallah bai tsaya ba. Kullum ina wucewa ta ƙarƙashinsu. Ina da ido amma ban gani ba.

Yadin da Hajiya ta ɗauko tun daga Makka, ta adana tun kafin a haife ni, ni na lalata shi a kwana tara. In an wanke, zamzam ɗin ya tafi. In ba a wanke ba, da me za ta je? Ina ta wannan tunani har a sallah.

Kin gaya mata? Me ta ce? Ko zagi ne ki rubuto min shi yadda ta faɗa, zai fi min shiru.

Na san kin ce kada in sake aikowa. Ba zan aiko ba. Amma na fara wani, na rataye shi a tagar ɗakin girki da izinin Malama. Ina so ne kawai in ga na iya.

'Yarki mai neman gafara,
Zulaihat

Tiga, 12 ga Yuni

Anti Rashida,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kun yi lafiya, da fatan Hajiya na samun sauƙi.

Litinin biyu kafin hutu na tsaya a bakin ofis ina jiran amsarki, Malama tana girgiza min kai tun daga nesa. Na gane, kuma ban ga laifinku ba.

Akwai abin da zan faɗa, don yana damuna. Da muka je hutun Sallah Ba'awa, washegarin Sallah Baba ya ce in shirya ya kai ni Doguwa in gaida Hajiya kamar yadda aka saba. Na ce kaina ke ciwo. Ba ciwo yake ba. Na kasa tunanin yadda zan shiga ɗakin nan in durƙusa, adakar tana ƙarƙashin gado, Hajiya tana kallona. Da rana kuma da kika kira wayarsa, na ji ya ce, "A'a, Rashida ce, bari in kira ta." Sai na zame na shiga gidan maƙwabta na zauna har ya gaji da nema. Da na dawo ya ce kin ce kowa lafiya, Hajiya da sauƙi, tana tambayata. Na ce a raina kunya ce ta sa kika faɗa masa haka.

Ban gaya wa Baba zancen likkafanin ba. Ban gaya wa kowa ba sai Malama.

Lemon na biyu ya kusa. Ya yi duhu, ya yi sauƙin nauyi, kanumfarin sun matse juna. Duk wanda ya shiga ɗakin girki sai ya tsaya ya ja numfashi. Irin na Umma ne sak, Anti. In an yi hutun ƙarshen zango zan yi ƙarfin hali in zo. Ki tambayar min Hajiya ko zan iya zuwa da shi, ko a ƙofa ne a rataye.

'Yarki,
Zulaihat

Doguwa, 21 ga Yuni

Zulai 'yata,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Mu nan muna nan, baƙi sun ragu, gidan ya yi faɗi.

Ranar sadakar uku da babanki ya kawo ki, na so in ja ki gefe. Kina lungu kin rufe fuska da hijabi, mata sun cika ɗaki, ni kuma ana ta kirana. Kafin in juyo an ce kun tafi saboda jarrabawa. Sai da na zo shara na ga abin da kika bari a kan adaka, a naɗe a hankici. Wasiƙunki biyu kuma sai jiya na karanta su. Mudi ya kawo ta farko muna asibiti a Tudun Wada, aka ajiye min a aljihun keken ɗinki. Ta biyu ta iso ran da Hajiya ta cika.

Zulai, ni ce mai neman gafara. Ni na sa lemon a adaka da hannuna. Shekara nawa ina karɓar na Yaya a bushe ƙamas, amma ban tsaya na yi tunani ba. Haushin kaina nake ji ran nan, na sauke a kanki. Kuma duk "da sauƙi" da na rubuta miki ba gaskiya ba ne. Tun azumi ƙafafunta suke kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Ta hana a faɗa. Ta ce ke karatu kike, babanki kuma bai gama warkewa daga rashin waccan ba. Haka muka taso, mai jinya da sauƙi yake har ranar da za a ɗauke shi.

Yanzu ki saurari abin da ya kamata ki ji tun wata guda da ya wuce.

Ran da na aika miki waccan takarda, bayan la'asar na ɗauki likkafanin na kai mata. Ta shimfiɗa shi a cinya ta daɗe tana kallon tabon. Ta kai shi hanci. Sai na ga kafaɗunta suna motsi, na zaci kuka take. Ashe dariya ce. Ta ce, "A leda ta ɗaure?" Na ce biyu ma. Ta ce, "Uwarta a langa ta rufe nata, wai kada ɓera ya ci. Atamfar Sallata guda ta ɓata min. Sa'ar yarinyar nan ce a lokacin, ke kina yarinya ba za ki tuna ba."

Na ce bari in wanke. Ta riƙe yadin ta ce kada in kuskura. Na ce to a sayo wani. Ta ce ni zan shiga cikinsa ko ita? Don hankalina ya kwanta na aika aka tambayi Malam Abdulmumin limamin unguwa, ya ce ruwan lemo ba najasa ba ne, in ta so a wanke, in ta so a bari. Aka shanya shi a inuwa ya bushe, ta ninke da kanta.

Tana ninkewa ne ta faɗa. Ba da ni take magana ba, da yadin take. Ta shafa tabon ta kira sunan mahaifiyarki. Ta ce, "Ga hannunki nan ya dawo." Na fita tsakar gida na bar ta, don ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma na san ba don kunnena ta faɗa ba.

Washegari jikin ya tashi, muka tafi asibiti, sai ana saura kwana biyu Sallah aka sallame mu. Na ce labarin nan ba na takarda ba ne, in kin zo gaisuwar Sallah ta ba ki da bakinta, tunda har ta shirya tsiyar da za ta yi miki. Washegarin Sallah ta sa aka zaunar da ita a zaure tun hantsi, da kason namanki a kwano. Ita ta ce in kira babanki. Da ya ce ba a gan ki ba, ta ce, "Ƙyale ta, kunya ce. Gado ta yi. Za ta zo."

Ban rubuta wannan don ki yi kuka ba, ko da yake na san za ki yi. Kin tambaye ni me ta ce, kuma haƙƙinki ne ki sani. Ba ta yi fushi da ke ko na minti ɗaya ba. Ni da Balaraba matar liman muka yi mata sutura. Tabon ya faɗo daidai ƙirjinta, ta hagu. Ƙamshin kanumfarin bai fita ba.

Lemonki na biyu ya yi kyau, na ƙwanƙwasa shi ya amsa. Bai karkace ba. Adakar yanzu babu komai a ciki sai tsohon na Yaya, na sa naki kusa da shi. In kin zo hutu ki ɗauki adakar, taki ce.

Antinki,
Rashida

Tiga, 27 ga Yuni

Anti,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Ni lafiya. Ba zan ce miki da sauƙi ba, don babu tukuna.

Na karanta wasiƙar a gindin darbejiya. Maijidda ta zauna kusa da ni har aka kira magariba. Ina ta tunanin zauren nan da kwanon naman. Tsakanina da wayar Baba taku biyar ne, Anti. Na yafe miki, ke ma ki yafe min, ita kuma kullum ina roƙa mata a sujada.

Zan zo ranar da aka yi hutu, na riga na gaya wa Baba, na kuma gaya masa komai. Adakar ki bar ta inda take. Badi in Allah ya kai mu zan yi guda biyu tun da wuri, ɗaya na ƙofarki. Zan koya miki, ko ba ki da haƙuri.

Abu ɗaya nake roƙo. Kin ce ta kira sunan Umma, amma ba ki rubuta yadda ta faɗa ba. Luba ta ce, kamar yadda kowa ke cewa, ko cikakken sunan? Ina so in san yadda ya fito daga bakinta.

'Yarki,
Zulaihat

Doguwa, 29 ga Yuni

Zulai,

Muna lafiya, muna jiranki.

Lubabatu ta ce. A hankali, sau biyu, kamar mai tashin yaro daga barci.

Antinki,
Rashida